Shin Tsananin Hunturu Yana Nuna Tsananin Bazara? Nazari Daga Samaru da Sabon Garin Zariya

Tsakure

Akwai wata magana da ta yaɗu a bakin jama'a a ƙasar Hausa, cewa duk shekarar da hunturu ya tsananta, to bazarar da za ta biyo baya ma za ta tsananta. Wannan maƙala ta ɗauki maganar ta auna ta da abin da ilimin yanayi ya tabbatar, tana mai kafa misali da Samaru da Sabon Garin Zariya. An bi diddigin abin da ke haifar da sanyin hunturu da abin da ke haifar da zafin bazara, sannan aka duba ko akwai igiyar da ta ɗaure su wuri guda. Maƙalar ta nuna cewa kowannensu da nasa sababin, kuma a inda ake samun alaƙa tsakaninsu, ta fi karkata ga akasin abin da ake faɗa. Daga ƙarshe an kawo abubuwan da manomi da mai kiwo da magidanci za su iya dogara da su wajen shirin bazara.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin sammako a Samaru cikin watan Janairu ya san yadda gari yake wayewa. Hazo ya rufe bishiyoyi, masu shayi sun kewaye wuta, ɗalibai sun duƙunƙune cikin rigunan sanyi, leɓuna sun bushe, dugadugai sun yi faso. A irin wannan lokaci ne ake yawan jin wani ya ce: "Wannan sanyi na bana, ai sai mu shirya wa zafi." Ba a cika samun mai musa masa ba, domin maganar ta zauna a zukata kamar karin magana. Bahaushe kuwa ya saba da karanta gobe daga alamomin yau, shi ya sa yake cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Maganar ta wuce hirar bakin teburin mai shayi, domin akwai masu gina shawara a kanta. Ɗan kasuwa a Sabon Gari yana iya saro fankoki da yawa saboda ya ga sanyi ya yi tsanani. Mai kiwon kaji yana iya rage yawan 'yan tsakin da zai zuba. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ɗaya gefen maganar: idan hunturu ya zo da sauƙi, sai a saki jiki a ɗauka bazara ma za ta yi sauƙi, a bar tsofaffi da jarirai da marasa lafiya ba tare da wani tanadi ba. Saboda haka ya dace a tsaya a tambaya, shin maganar tana da tushe?

Samaru wuri ne da ya dace da wannan tambaya. Tun shekarar 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a nan, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma an daɗe ana auna ruwan sama da zafi da iska a harabarta. A Zariya ne kuma aka buga kundin taswirorin yanayin noma na jihohin Arewa wanda Kowal da Knabe suka wallafa a 1972.

2.0 Lokutan Shekara a Wurin Bahaushe

Bahaushe ya kasa shekara gida huɗu: damina, kaka, hunturu da bazara. Malamai masu lissafin taurari sun ƙara rarraba ta zuwa taurari 28, kowane lokaci yana da bakwai, kowane tauraro yana ɗaukar kwana 13, in ban da Jabaha mai kwana 14, wanda ya cika shekara kwana 365. A cikin taurarin hunturu akwai Na'ima da Bulda da Sa'adu Zabiha, a cikin na bazara kuma akwai Surayya, wadda Hausawa ke kira kaza da 'ya'yanta. Mervyn Hiskett ya yi nazarin wannan lissafi a 1967, ya nuna asalinsa daga Larabawa.

Abin lura a nan shi ne, wannan lissafi yana faɗin lokacin da kowane yanayi zai shigo, domin yana bin tafiyar rana, wadda ba ta saɓa alkawari. Bai ɗauki nauyin faɗin ƙarfin sanyi ko zafin wata shekara ta musamman ba. Har ila yau, harshen Hausa ya bambanta abubuwan da mutane ke cakuɗawa in suna cewa hunturu ya yi tsanani. Akwai ɗari, wato busasshen sanyi mai zuwa da iska, akwai hazo, wato ƙurar da ke rataye a sama, akwai kuma daɗewar lokacin kansa. Waɗannan ukun ba kullum suke tafiya tare ba, kuma za a ga amfanin rarrabe su nan gaba.

3.0 Daga Ina Sanyin Hunturu Yake Zuwa?

Samaru tana kan digiri 11 arewa da ikwaita, a tudu mai tsayin kimanin mita 686 daga doron teku. A ƙarshen watan Disamba rana tana karkata kudu, ta yadda ko da tsakar rana ba ta wuce tsayin digiri 55 daga doron ƙasa. Haskenta yana faɗowa a kaikaice, ƙarfinsa ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100, yini kuma ya gajarta zuwa kimanin awa 11 da rabi. Wannan shi ne sababi na farko, kuma iri ɗaya ne a kowace shekara.

Sababi na biyu shi ne iskar arewa maso gabas da ke fitowa daga Sahara. Iska ce busasshiya ƙwarai, har laimar da ke cikinta takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Tururin ruwa a sararin sama tamkar bargo yake, yana tare ɗumin da ƙasa ke fitarwa da dare. Idan babu shi, kuma babu gajimare, sai ɗumin da ƙasa ta tara da rana ya tsere sama cikin sauri. Shi ya sa asubahin Disamba da Janairu a Zariya yakan sauka zuwa wajen digiri 14 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ma ƙasa da haka, alhali da azahar yakan kusanci digiri 30.

Sababi na uku shi ne wanda ke bambanta shekara da shekara. Lokaci zuwa lokaci, iska mai sanyi takan gangaro daga Turai ta tsallako Bahar Rum, ta taru a kan Libiya da Masar ta yi nauyi, sai ta tunkuɗo kudu da ƙarfi. A arewacin Chadi takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta faɗa cikin kwarin Bodele, wanda tsohon gindin Tafkin Chadi ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce. Wannan kwari yana cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Daga nan ne yawancin farin hazon da ke lulluɓe Kano da Zariya yake tasowa, har ya kai ga hana jirage sauka. Irin wannan tunkuɗowa takan ɗauki kwanaki kaɗan ta lafa, wata kuma ta biyo baya. Shekarar da aka samu irinta da yawa a jere ita ce jama'a ke kira shekarar tsananin hunturu. Ke nan, tsananin hunturun Samaru labari ne na abin da ke faruwa a arewa da Sahara a cikin waɗannan makonni.

4.0 Daga Ina Zafin Bazara Yake Zuwa?

Daga ƙarshen Disamba rana takan fara dawowa arewa, har ta tsaya daidai tsakar ka a Zariya wajen 19 ga Afrilu. A wannan lokaci ƙasa ta yi wata biyar ba ta ga ruwa ba, ciyawa ta bushe, gonaki sun zama fili. Hasken rana da ke sauka ba ya samun ruwan da zai busar, don haka kusan dukkansa yana tafiya ne wajen gasa ƙasa da iskar da ke kanta. Shi ya sa a watannin Maris da Afrilu zafin rana a Zariya yakan kai digiri 35 zuwa 37, wasu ranaku kuma ya doshi 40.

Akwai hujja mai sauƙi da ke nuna muhimmancin ruwa a wannan al'amari. Rana tana sake tsayawa tsakar ka a Zariya wajen 24 ga Agusta, amma babu mai kukan zafi a Agusta. Gajimare ya tare hasken, ƙasa a jiƙe take, tsirrai suna fitar da tururi, har a lokacin marka mutum yakan nemi mayafi. Rana ɗaya ce a Afrilu da Agusta, abin da ya bambanta su shi ne ruwa.

Saboda haka tsananin bazara ya rataya ne a kan tafiyar iska ta biyu, wato iskar kudu maso yamma mai ɗauke da laima daga Tekun Atilantika. Inda wannan iska take karo da iskar Sahara shi ne magamar iskoki. A watan Janairu magamar tana can kusa da gaɓar teku, sai ta riƙa hawowa arewa sannu a hankali, ta ratsa Zariya wajen watan Afrilu, ta kai kusan digiri 20 a cikin Agusta. Laima takan riga ruwa isowa da makonni. Wannan tsakani shi ne mafi wuya a bazara, domin bargon tururi ya dawo ya hana dare yin sanyi, ruwan da zai sanyaya ƙasa kuma bai sauka ba. Lokacin ne gumi ba ya bushewa, mutane suke fitowa da tabarmi tsakar gida. Idan ruwan fari ya sauka da wuri kuma ya ɗore, bazara ta gajarta. Idan ya yi jinkiri zuwa ƙarshen Mayu, sai ta zama doguwa mai gajiyarwa. Abin da ke tafiyar da wannan kuwa ya haɗa da ɗumin ruwan Tekun Atilantika da zafin da Sahara take ɗauka a lokacin.

5.0 Ko Akwai Igiyar da Ta Haɗa Su?

Kafin sanyin Janairu ya iya ƙaddara zafin Afrilu, dole ne a sami wani abu da zai riƙe labarin sanyin har tsawon wata uku. Iska ba ta iya wannan. Tun 1963 Edward Lorenz ya nuna cewa ƙaramin bambanci a halin iska yana girma cikin sauri, wanda ya sa hasashen yanayi na rana-rana ba ya wuce kimanin mako biyu. Iskar da ta busa a Samaru a Janairu ta daɗe da wucewa kafin Afrilu. Ƙasa takan riƙe labari ta hanyar danshinta, amma a Zariya saman ƙasa a bushe yake a ƙarshen rani, ko hunturu ya tsananta ko bai tsananta ba. Babu kuma wata doka a ilimin yanayi da ta ce dole zafi ya biya bashin sanyi a cikin shekara guda.

Abin da ke da dogon riƙo shi ne teku, domin ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi da jinkirin sakinsa. Fitaccen misali shi ne El Nino, wato ɗumamar ruwan gabashin Tekun Fasifik da ke aukuwa duk bayan shekara biyu zuwa bakwai. Yakan kai ƙololuwa wajen Disamba, sannan ya ɗumama iskar ƙasashe masu zafi na tsawon watanni bayan haka. Tasirinsa yana faɗawa kan hunturu da bazara gaba ɗaya, kuma ɓangare guda yake tura su, wato wajen ɗumi. A nan sai maganar jama'a ta juye, domin hunturu mai ɗumi ne yake iya zama alamar bazara mai tsanani.

Shekarar 2024 ta ba da misali. An shigo ta cikin El Nino, kuma tun a watan Fabrairu, lokacin da ake sa ran sauran sanyi, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, ta fara gargaɗin matsanancin zafi. Zafin ya ci gaba har cikin azumin Ramadan. Ranar 3 ga Afrilu aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Toure da ke Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan. Haka ma bazarar 2010, wadda ta gasa yankin Sahel, ta biyo bayan El Nino ne. Bugu da ƙari, ɗumamar duniya tana ɗaga dukkan lokutan shekara tare. Hukumar Yanayi ta Duniya ta bayyana 2024 a matsayin shekarar da ta zarce duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara aunawa.

Ba Hausawa kaɗai ke da irin wannan zato ba. Mutanen Ingila ma sukan ce sanyi mai tsanani yana jawo zafi mai tsanani, kuma suna da ma'aunin zafi da aka adana tun 1659. Masu goyon bayan maganar sukan kawo shekarar 1947, wadda ta fara da dusar ƙanƙara mai yawa ta kuma zo da zafi sosai. Amma sanyin 1962 zuwa 1963, wanda aka yi fiye da shekara 200 ba a ga irinsa ba, bai haifar da wani zafin kirki ba. Shahararren zafin 1976 kuwa ya biyo bayan lokacin sanyi mai sauƙi ne. Misalai uku, amsoshi uku mabambanta.

6.0 Me Ya Sa Maganar Take Kama da Gaskiya?

Dalili na farko shi ne, bazara a Zariya ba ta taɓa zuwa da sanyi ba. Duk wanda ya ce za a yi zafi a Afrilu ya faɗi abin da zai auku, ko da me ya kafa hujja. Idan zafin ya zo sai a tuna da maganarsa. Shekarun da aka yi sanyi ƙwarai amma ruwa ya sauka da wuri, ko aka yi hunturu mai sauƙi amma bazara ta gallabi mutane, ba a cika riƙe su a ka ba.

Dalili na biyu yana jikin ɗan Adam. Jiki yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi. Wanda ya yi wata biyu cikin ɗari mai tsanani zai ji zafin farkon Maris ya fi na kullum, ko da ma'auni bai nuna wani bambanci ba.

Dalili na uku shi ne wanda yake ɗauke da ƙwayar gaskiya. Busasshiyar iska marar ƙura tana kawo sanyin asuba da zafin azahar a rana guda, domin babu abin da ke tare hasken rana da yini, babu kuma abin da ke tare ɗumin ƙasa da dare. Hazo mai kauri kuwa yana rage zafin yini. Idan iskar Sahara ta ƙi janyewa har cikin Maris ko farkon Afrilu, ana iya wayar gari da sanyi a yini da ƙuna. Mai lura zai ga sanyi da zafi suna tafiya tare, amma wannan alaƙa ce ta awoyi, ba ta kai daga wani lokacin shekara zuwa wani.

Akwai kuma tasirin muhalli. Samaru da Sabon Gari suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya, hunturu guda ne yake busa musu. Amma mai kwana kusa da filayen gwaji na cibiyar bincike ko gefen rafin Kubanni ba zafi ɗaya yake ji ba da mai kwana a ɗakin kwano marar silin a tsakiyar Sabon Gari, unguwar da ta taso da zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20 ta kuma cika da gine-gine. Siminti da kwalta da kwano suna shan zafi da rana su sake shi da dare. Sau da yawa abin da mutum yake kira tsananin bazarar bana ya haɗa da bishiyar da aka sare a ƙofar gida da filin da aka gine.

7.0 Abin da Ya Kamata a Dogara da Shi

Hunturu yana da abubuwan da yake iya faɗa. Ga manomin alkama, sanyi mai ɗorewa alheri ne, shi ya sa ake ba da shawarar shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, domin ta cika ido kafin zafin Maris. Haka tumatirin fadamun kogin Galma ya fi yin 'ya'ya idan dare yana da sanyi. Ta fuskar lafiya, bincike ya danganta bushewar iska da yawan ƙura da ɓarkewar sanƙarau, cutar da ke tsananta daga hunturu zuwa bazara ta kuma lafa da saukar ruwa. A 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Hunturu mai yawan hazo dalili ne na neman allurar rigakafi da rage cunkoso a ɗakunan kwana.

Game da zafi kuwa, hanya mafi aminci ita ce a ɗauka kowace bazara za ta yi tsanani, a yi tanadin ruwa da inuwa da iska ga tsofaffi da yara da dabbobi. Daga nan sai a bi hasashen da NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara, wanda aka gina a kan halin tekuna, da kuma gargaɗinta na 'yan kwanaki. Idan Maris ya kama, alamar da ta fi amfani ita ce juyawar iska daga gabas zuwa kudu maso yamma da ɗumamar dare, abin da tsofaffin manoma suka daɗe suna lura da shi.

Ga ɗalibai masu neman abin bincike, bayanan tashar Samaru fage ne mai kyau. Sai a jera shekaru bisa sanyin asubahin Disamba da Janairu, a sake jera su bisa zafin Maris da Afrilu, a cire tasirin ɗumamar duniya, sannan a ƙirga gidaje huɗu: sanyi da zafi, sanyi da sauƙi, sauƙi da zafi, sauƙi da sauƙi. Masu nazarin Hausa kuma za su iya tattara maganganun manoma kan alamomin yanayi, a auna kowace da irin wannan ma'auni, domin a cikinsu akwai masu tushe.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa tsananin hunturun Samaru da Sabon Gari yana zuwa ne daga iskar arewa da bushewar sararin sama, tsananin bazara kuma ya dogara da tsayuwar rana da lokacin isowar laima da ruwan fari. Babu abin da ke ɗaukar labarin sanyin Janairu ya kai shi Afrilu, tekuna da ɗumamar duniya kuma sun fi tura lokutan biyu ɓangare guda. Maganar da ake yi ta samu karɓuwa ne saboda bazara kullum da zafi take zuwa. Wanda ya ga sanyi ya shirya wa zafi bai yi asara ba. Wanda ke cikin haɗari shi ne wanda ya ga hunturu ya yi sauƙi ya fasa shiri.